Ingilishi: Harshen Da Aka Mulka Kafin Ya Mulki Wasu

Idan Bahaushe ya ce zai ɗauki lauya ya shigar da ƙara a kotu, ya san kalmomin nan biyu aro ne daga Turanci, amma da wuya ya san cewa shi ma Turancin arowa ya yi. Tushen kalmar lauya, wato "law" mai nufin doka, daga bakin mayaƙan teku na Denmak da Nowe ya shiga Ingila fiye da shekara dubu da suka wuce. Ita kuwa kotu daga Faransanci ta fito, ta hannun mutanen da suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066. Haka soja da gwamna da asibiti da fensir, dukkansu sai da suka biyo ta Faransa kafin su isa Landan, balle su iso Kano. Mutane da yawa suna zaton Ingilishi ya mamaye duniya ne saboda wata baiwa da aka halicce shi da ita, ko sauƙin nahawu, ko yalwar kalmomi. Wanda ya bi tarihin daki-daki zai ga cewa sauƙin nahawun da yalwar kalmomin duk sun samu ne a zamanin da harshen yake ƙarƙashin ƙafar wasu, yaɗuwarsa kuma jiragen ruwa da bindiga da ciniki ne suka kawo ta daga baya.

Ingilishi baƙo ne a Ingila. Mutanen da suka fara zama sanannu a tsibirin Birtaniya harsunan Seltik suke yi, waɗanda harshen mutanen Wales na yau jikansu ne. Rumawa sun ci tsibirin a shekara ta 43 bayan haihuwar Annabi Isa, suka kafa garuruwa, ciki har da wanda ya zama Landan, suka zauna kusan shekara ɗari huɗu, sannan suka janye sojojinsu wajen shekara ta 410 saboda daularsu ta fara rushewa. Giɓin da suka bari ne wasu ƙabilu na gaɓar tekun arewacin Jamus da Denmak da Holan suka cike, wato Angul da Sakson da Jut. Wani malamin coci mai suna Bede, wanda ya kammala littafin tarihinsa a 731, ya sa zuwansu a shekara ta 449, ko da yake hijirar ta ɗauki tsararraki ana yin ta. Daga sunan ƙabilar Angul aka sami sunan ƙasar da na harshen duka. Wannan ne ya sa Ingilishi ɗan'uwan Jamusanci da harshen Holan ne, mafi kusancin danginsa kuma shi ne harshen Firisiya da har yau ake yi a arewacin Holan. Idan aka ƙara ja da baya, dangantakar ta kai har Latin da Girkanci da Farisanci da Hindi, kamar dai yadda Hausa da Larabci suke da kaka ɗaya a can nesa. Masu ƙasar na asali ba su bar wa sabon harshen komai ba sai 'yan kalmomi da sunayen koguna irin su Thames. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne, sunan da baƙin suka laƙaba musu, wanda ya zama "Welsh", ma'anarsa a harshen baƙin ita ce baƙo. Ɗan ci-rani ya zo ya tarar da mai gida, ya kira shi baƙo, sunan kuma ya bi shi har yau.

Harshen da waɗannan ƙabilu suka yi, wanda masana ke kira Tsohon Ingilishi, Baturen Landan na yau ba zai iya karanta shi ba sai ya zauna ya koya kamar yadda zai koyi Jamusanci. Kowane suna yana da jinsi, namiji ko mace ko wanda ba namiji ba ba mace ba, kuma jinsin bai damu da hankali ba, domin kalmar "wif" mai nufin mace tana cikin rukuni na uku. Ƙarshen kalma yana sauyawa gwargwadon aikinta a jimla, kamar yadda wasalin ƙarshe ke sauyawa a Larabcin littafi, saboda haka ana iya jujjuya jerin kalmomi ma'ana ba ta ɓace ba. Mawaƙansu suna son haɗa kalmomi biyu su yi wa abu kirari, har sukan kira jikin mutum gidan ƙashi. Duk da tarin aron da ya biyo baya, wannan tsohon harshe shi ne ƙashin bayan Ingilishi har gobe. Kalmomin gida da ruwa da uwa da ci da sha da barci, da ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla, kusan dukkansu daga nan suke.

Rubutu na sosai ya zo ne tare da addini. A shekara ta 597 wani malami mai suna Augustine, wanda Paparoma Gregory ya aiko, ya iso masarautar Kent, ya kafa cibiyarsa a Canterbury, daga nan Latin ya zama harshen ibada da ilimi, irin matsayin da Larabci ya samu a ƙasar Hausa. Kalmomin makaranta da limamin coci da kyandir duk ta wannan ƙofa suka shigo. Da malaman suka fara rubuta Ingilishi da baƙaƙen Latin, sai suka tarar akwai sautukan da ba su da baƙi, sai suka aro wasu daga tsohon rubutun gargajiyar ƙabilun, suka kuma yi wa baƙin "d" ɗan layi a gicciye. Matsala ce da masu tsara rubutun boko na Hausa suka ci karo da irinta, suka magance ta da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. Bambancin shi ne Ingilishi ya yar da nasa baƙaƙen daga baya, ya koma haɗa "t" da "h" don sautuka biyu mabambanta.

Sai kuma mutanen teku, waɗanda aka fi sani da Vikings. A 793 suka kai hari gidan ibada na tsibirin Lindisfarne, a 865 kuma suka dawo da babbar runduna da niyyar zama. Masarautun Ingila suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ta Wessex kaɗai ta tsaya a ƙarƙashin Sarki Alfred, wanda ya ci su a yaƙin Edington a 878. Sulhun da aka yi ya bar musu arewaci da gabashin ƙasar, inda suka yi gonaki, suka auri 'yan ƙasa, suka kafa garuruwan da har yau sunayensu ke ƙarewa da "by", irin su Derby da Grimsby. A nan ne wani abu mai muhimmanci ya faru. Harshen baƙin da na 'yan ƙasa dangin juna ne, saiwar kalmomi sau da yawa ɗaya ce, inda suka fi saɓawa shi ne ƙarshen kalma. Mutum biyu da ke cinikin doki a kasuwa, ko miji da mata da kowanne ya tashi da nasa harshen, hanya mafi sauƙi gare su ita ce su riƙe saiwar su hadiye wutsiyar. Da ma can Ingilishi yana ɗora nauyin furuci a gaɓar farko, ƙarshen kalma yana fita a raunane, sai wannan cuɗanya ta ƙara masa gudu. Masana suna da saɓani kan girman rawar da baƙin suka taka, amma rubuce-rubucen zamanin sun nuna cewa zubewar ƙarshen kalmomi ta fi sauri a arewa, inda suka fi yawa.

Irin kalmomin da suka bari su ma shaida ne cewa zaman na gida ɗaya ne. Harshe yakan ari sunan sabon kaya ko sabuwar sarauta cikin sauƙi, amma da wuya ya ari wakilin suna. Ingilishi ya yi hakan, domin "they" da "them" da "their", wato su da nasu, duk na baƙin ne, haka kalmomin sama da ƙwai da fata da wuƙa da taga da miji. Wani lokaci kalmar gida da ta baƙo sukan rayu tare su raba aiki. "Shirt" ta 'yan ƙasa ce, "skirt" ta baƙi, asalinsu kuma kalma ɗaya ce mai nufin gajeriyar riga, ɗaya ta hau sama ɗaya ta sauka ƙasa. Siket ɗin da tela ke ɗinkawa a Kaduna da kek ɗin da ake yankawa a biki, sunayensu daga waɗannan mahara suka taso.

Alfred bai tsaya ga yaƙi ba. Ya ga ilimin Latin ya yi rauni a ƙasarsa, sai ya sa aka fassara muhimman littattafai zuwa harshen jama'a, shi da kansa ya sa hannu a aikin, a zamaninsa kuma aka fara rubuta tarihin ƙasar shekara-shekara da Ingilishi. Kafin shekara ta 1000, karin harshen Wessex ya zama daidaitaccen harshen rubutu, abin da ƙasashen Turai kaɗan ne suke da irinsa a lokacin. Duk wannan ginin rana ɗaya ta rushe shi.

A watan Janairun 1066 Sarki Edward ya rasu bai bar ɗa ba. Manyan ƙasa suka naɗa Harold, amma Wiliyam, mai mulkin Nomandi a arewacin Faransa, ya ce shi aka yi wa alkawarin gadon. Harold ya je arewa ya murƙushe rundunar sarkin Nowe a ƙarshen Satumba, ya juyo kudu da gajiyayyun mayaƙa, ya haɗu da Wiliyam kusa da Hastings ranar 14 ga Oktoba, aka kashe Harold a fagen fama. Su waɗannan Nomawa, idan za a kira su haka ba tare da an rikita su da masu noma ba, jikokin mutanen tekun nan ne da suka zauna a Faransa tun wajen 911, suka yar da harshensu suka ɗauki Faransanci. Cikin shekara ashirin, kamar yadda ƙidayar dukiya ta 1086 ta nuna, kusan dukkan manyan filaye da manyan muƙaman coci sun koma hannun baƙi. Ƙasar ta zama mai harshe uku. Latin na coci da takardun hukuma, Faransanci na fada da shari'a da masu hannu da shuni, Ingilishi kuwa na manomi da makiyayi da baran gida. Littafin tarihin nan da aka fara a zamanin Alfred ya yi ta jan ƙafa a gidan ibada na Peterborough har 1154, daga nan alƙalami ya tsaya.

A ganina wannan zamani na ƙasƙanci shi ne ya ƙera Ingilishin da muka sani. Harshen da ba shi da fada, ba shi da malaman da za su ce wannan daidai ne wannan kuskure, yakan bi bakin masu shi duk inda ya fi sauƙi. Jinsin sunaye ya ɓace gaba ɗaya. Ɗimbin ƙarshen kalmomi suka narke, hanyoyin jam'i masu yawa suka koma kusan ɗaya, wato ƙara "s", sai 'yan tsiraru irin su "children" da "oxen" da "feet" da suka tsira a matsayin kufai. Da yake ƙarshen kalma ya daina nuna wa ya yi wa wa, sai jerin kalmomi ya ɗauki wannan aiki, mai aikatawa a gaba, aiki a tsakiya, wanda aka yi wa a baya. A ɗaya ɓangaren kuma Faransanci yana ta kwarara ciki, an ƙiyasta kalmomi kusan dubu goma, musamman na mulki da shari'a da yaƙi da abinci da ado. Misalin da aka fi kawowa yana nuna yadda zaman yake. Dabba tana garke sunanta na Ingilishi ne, "cow" da "sheep" da "calf", amma da zarar namanta ya hau teburin maigida sai ya koma "beef" da "mutton" da "veal", sunayen Faransanci. Mai kiwo da harshensa, mai ci da nasa.

Wannan rabon matsayi bai gushe ba. Sau da yawa Ingilishi yana da kalma uku ga ma'ana ɗaya, ta gida da ta Faransanci da ta Latin, kuma kowace da muhallinta. Yaro yana tambaya da "ask", ɗan jarida da "question", ɗan sanda da "interrogate". Abin da Bahaushe ke kira dogon Turanci, irin na takardar ofis da jawabin ɗan siyasa, galibi hawa na biyu da na uku ne. Mai jin cewa gajerun kalmomi ba su isa a tsaya da su gaban manya ba, gadon fadar Wiliyam yake ɗauke da shi bai sani ba.

Dalilin da ya hana Ingilishi mutuwa shi ne yawa. Baƙin 'yan ƙalilan ne a kan jama'ar ƙasa, sun auri 'yan gida, 'ya'yansu sun tashi a hannun masu reno da ba su jin Faransanci. A 1204 Sarki John ya rasa Nomandi, dole manyan da ke da filaye a ƙetare biyu suka zaɓi ɗaya. Daga 1337 aka shiga yaƙin da ya wuce shekara ɗari tsakanin Ingila da Faransa, Faransanci ya zama harshen abokin gaba. Annobar da ta shigo a 1348 ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin jama'a, ma'aikata suka yi ƙaranci, ƙwadago ya yi tsada, talaka ya sami baki, malaman da za su koyar da Faransanci da Latin kuma da yawa sun tafi. A 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi saboda jama'a ba su fahimtar abin da ake faɗa a kansu, sai dai ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Henry na huɗu, wanda ya hau gado a 1399, shi ake ɗauka sarki na farko tun bayan 1066 da ya tashi da Ingilishi a matsayin harshen uwa, ɗansa Henry na biyar kuma ya riƙa aiko da wasiƙun hukuma da shi daga fagen yaƙi a Faransa. A daidai wannan zamani mawaƙi Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya nuna cewa karin Landan zai iya ɗaukar adabi mai nauyi. Duk da haka Faransanci bai fita daga kotu da sauri ba, sai a farkon shekarun 1730 aka wajabta rubuta takardun shari'a da Ingilishi, kuma har yau taken da ke jikin tambarin sarautar Birtaniya da Faransanci yake.

A 1476 wani ɗan kasuwa mai suna William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, a Westminster. Matsalar da ta fara tare shi ita ce wane Ingilishi zai buga, domin kowane yanki da nasa. Shi da kansa ya ba da labarin wasu fatake da suka tsaya a gaɓar kogin Thames, ɗayansu ya tambayi wata mata ƙwai da kalmar "egges" ta mutanen arewa, matar ta ce ita ba ta jin Faransanci, mutumin ya fusata domin shi ma ba ya ji, sai da wani ya ce "eyren" yake nufi, kalmar mutanen kudu, sannan ta gane. Caxton da waɗanda suka biyo shi sun zaɓi karin Landan, wanda magatakardan gwamnati suka riga suka fara daidaitawa, injin kuma ya yaɗa shi ko'ina.

A nan ne asalin wahalar da duk ɗalibin Turanci ya sani, wato rubutu daban, furuci daban. Injin ɗab'i ya zo ya daskarar da rubutu a daidai lokacin da furuci yake tsakiyar wani gagarumin sauyi. Tsakanin wajen 1400 da 1700 dukkan dogayen wasulan Ingilishi suka gusa daga muhallinsu, kowanne ya ture na gaba da shi, abin da masanin harshe ɗan Denmak Otto Jespersen ya raɗa wa suna babbar ƙaurar wasula. A bakin Chaucer kalmar "name" kusan kamar yadda Bahaushe ke cewa nama take fita, "time" tana da dogon wasalin i, "house" kuma dogon wasalin u. Wato a wancan lokaci baƙaƙen suna faɗin abin da Bahaushe mai karatun boko zai zata suna faɗa. Baki ya yi gaba, takarda ta tsaya. Haka baƙaƙen da yau ake rubutawa ba a furtawa, a da ana furta su. A kalmar "knight" ana jin "k" ɗin farko, "gh" kuma wani sauti ne na can cikin baki da harshen ya rasa daga baya, shi ya sa "though" da "through" da "tough" da "cough" suka yi kama a ido suka saɓa a kunne. Kamar wannan bai isa ba, sai masu ilimin Latin suka ƙara nasu. Suka cusa "b" cikin "debt" da "doubt" don a tuna asalinsu na Latin, alhali ba wanda ya taɓa furta shi a Ingilishi, suka kuma sa "s" cikin "island" bisa zaton daga Latin take, ita kuwa kalmar gida ce tsantsa. Yaron da malami ya yi wa bulala saboda ya manta wannan "s" ɗin, kuskuren wani malami na ƙarni na 16 ya biya.

Ƙarni na 16 da na 17 sun kawo ambaliyar kalmomin Latin da Girkanci ta hanyar ilimin likitanci da falsafa da kimiyya, har wasu marubuta suka tashi suna sukar abin da suka kira kalmomin gidan tawada, waɗanda ba a samunsu a bakin kowa sai a alƙalamin mai son burgewa. William Tyndale ya buga fassarar Sabon Alkawari a 1526, aka kashe shi a 1536, amma yawancin jimlolinsa suka shiga fassarar da Sarki James ya ba da izini ta 1611, wadda aka yi ƙarnoni ana karantawa a kowane coci. Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, ya bar tarin salon magana, sai dai yawan kalmomin da ake cewa shi ya ƙirƙira akwai ƙari a ciki, domin da yawa an gano su a rubutun da ya riga nasa. Wani sauyin da ya fi waɗannan shafar maganar yau da kullum shi ne ɓacewar "thou". A da ita ce kai ko ke, "you" kuwa ku ce, ana kuma amfani da ita ga mutum ɗaya don girmamawa, kamar yadda ake ce wa dattijo ku a wasu gidajen Hausawa. Gudun kada a raina wani ya sa kowa ya koma "you", har ta farkon ta mutu, harshen ya wayi gari ba ya bambanta kai da ku. Tun daga nan kare-karen harshen suke ta neman cike gurbin, ciki har da "una" ta Burokan Najeriya.

Faransa ta kafa hukumar kula da harshenta a 1635. Jonathan Swift ya nemi a yi irinta a Ingila a 1712, ba a yi ba, kuma har yau babu. Aikin sai ya faɗa hannun masu ƙamus da masu littafin nahawu. Samuel Johnson ya shafe kusan shekara tara yana haɗa ƙamusunsa na 1755 mai kalmomi sama da 42,000, kuma a gabatarwarsa ya amsa cewa ya fara da burin tsayar da harshen wuri ɗaya, ya gama da sanin cewa hakan ba mai yiwuwa ba ne. A Amurka Noah Webster, wanda babban ƙamusunsa ya fito a 1828, ya ga ƙasa mai 'yanci ta cancanci rubutunta, shi ya sa Ba'amurke ke rubuta "color" da "center", ɗalibin Najeriya kuma yana rubuta "colour" da "centre" a jarrabawa, kwamfutarsa tana ja masa jan layi.

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 16, masu jin Ingilishi ba su wuce miliyan 5 zuwa 7 ba. Wani shugaban makaranta a Landan, Richard Mulcaster, ya rubuta a 1582 cewa harshen bai wuce tsibirinsu ba, ko a tsibirin ma bai game ko'ina ba. Bayan shekara ɗari, a 1687, Isaac Newton da Latin ya wallafa babban littafinsa don malaman Turai su iya karantawa. Abin da ya sauya lissafin jirgin ruwa ne. An kafa kamfanin cinikin Indiya a 1600, aka kafa matsugunin Jamestown a Amurka a 1607, aka sauke fursunoni a Ostareliya a 1788, cinikin bayi kuma ya haifar da sababbin harsuna a gaɓar Afirka ta Yamma da tsibiran Karibiyan. A 1835 Thomas Macaulay ya ba da shawarar a koyar da 'yan Indiya da Ingilishi don a sami ajin mutanen da za su tsaya tsakanin masu mulki da waɗanda ake mulka. Duk inda harshen ya je yana kwaso kalmomi, daga Indiya ya samo sunayen shamfu da rigar barci, daga Sin sunan ganyen shayi. Da ma tun kafin nan ya karɓi na Larabci ta hannun Italiya da Sifen da Faransa, irin su sukari da auduga da aljabara da sifiri, har da "alcohol" wadda asalinta kwallin ido ne. A gefe guda kuma harshen Ayalan da na Wales sun ja baya ƙwarai, ɗaruruwan harsunan 'yan asalin Amurka da Ostareliya kuwa wasu sun mutu, wasu suna gargara.

Daulolin da suka gabata, idan suka faɗi harshensu yakan fara ja da baya. Sa'ar da Ingilishi ya yi ita ce, lokacin da ƙarfin Birtaniya ya fara raguwa, wadda ta gaje ta, wato Amurka, harshe ɗaya suke yi. Yarjejeniyar Basai ta 1919, wadda aka ƙulla bayan yaƙin duniya na farko, an rubuta ta da Faransanci da Ingilishi, abin da ya karya kakagidan da Faransanci ya yi a harkar jakadanci. Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun raunana Jamusanci a fagen kimiyya. Bayan 1945 kuɗin Amurka da jami'o'inta da finafinanta, da sufurin jiragen sama, daga baya kwamfuta da intanet, suka ƙarasa aikin. Ƙasashe irin su Najeriya da Gana da Indiya, da suka sami 'yanci, sun riƙe shi saboda zaɓen ɗaya daga cikin harsunan gida zai tayar da rigimar da ba a shirya mata ba. Masu cewa sauƙinsa ne ya ɗaukaka shi sun manta cewa Latin da Larabci, duk da nauyin nahawunsu, sun yi ƙarnoni suna mulkin ilimi a faɗin ƙasashe, kuma harshen da rubutunsa ke ɗaukar yaro shekaru kafin ya ƙware ba za a kira shi mai sauƙi kai tsaye ba.

Ƙasar Hausa ta haɗu da shi a makare. Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa a 1903, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, Kwalejin Katsina kuma ta biyo baya a farkon shekarun 1920. Abin da Hausa ta yi wa kalmomin da ta karɓa shi ne abin da Ingilishi ya yi wa na Faransanci. Ta raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, ta sami asibiti da birki da sukudireba, ta ba su jinsi, ta yi musu jam'i irin nata, mota motoci, tebur teburori, lauya lauyoyi. A ƙetaren iyaka kuwa Bahaushen Maraɗi da Damagaram daga Faransanci ya ara kai tsaye, shi ya sa ɗansa yake zuwa lakwal, wato makaranta.

A yau ana ƙiyasta masu amfani da Ingilishi sun kai biliyan ɗaya da rabi, waɗanda suka tashi da shi a matsayin harshen uwa kuma ba su wuce kusan miliyan 400 ba, wato mafi yawan masu shi yanzu koyonsa suka yi. Babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitarwa a 1884 aka kammala a 1928, aikinsa rubuta abin da mutane ke faɗa ne, saboda haka dole ya bi su inda suke. A Janairun 2020 ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da okada da danfo da Kannywood, bayan 'yan shekaru kuma suya ta bi sahu. Akwai ma kalmar da ta yi tafiyar zuwa da dawowa. Rumawa suna haƙo jan ƙarfe a tsibirin Kubrus, suka kira ƙarfen da sunan tsibirin, kalmar ta shiga Tsohon Ingilishi ta zama "copper", Turawan mulki suka zo da ita a matsayin sunan ƙaramin kuɗinsu na jan ƙarfe, bakin mutanen Najeriya ya mayar da ita kwabo. Da aka sauya kuɗi a 1973 aka buga sunan a jikin sabon tsabar, kuma yau wanda ya buɗe ƙamusun Ingilishi zai tarar da "kobo" a shafinta, an bayyana ta a matsayin kalmar da ta zo daga Najeriya.